Hatimin Notari: Abin da Yake Shaida da Abin da Ba Ya Shaida



Da wuya wata guda ya wuce ba a tare ni a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a da tambaya iri ɗaya ba: “Injiniya, an aiko mini da takarda daga gida, an ce sai an buga mata hatimi. Ina zan kai ta?” Amsar da na saba bayarwa ita ce, “Je ka bankinka, akwai notari a can, kuma galibi ba sa karɓar ko kwabo daga mai asusu.” Amsar gaskiya ce, sai dai guntuwa ce, kuma ni kaina na taɓa cutuwa da gajartarta. Shi ya sa da shugabannin ƙungiya suka nemi in rubuta wani abu mai amfani ga 'yan'uwa, na zaɓi wannan batu. Ni ba lauya ba ne. Injiniyan gine-gine ne, aikina duba lafiyar gadoji a nan birnin Niyok, kuma abin da zan faɗa da ƙafata da aljihuna na koye shi.

Bari in fara da sana'ata, domin daga can kuskurena ya samo asali. A wurinmu, idan injiniya mai lasisi ya ɗora hatiminsa a kan zanen gada, ma'anarsa ita ce: na bi lissafin nan, na yarda ƙarfen nan zai ɗauki nauyin da aka ce, in ta rushe ni za a nema. Hatimin yana magana ne a kan abin da ke cikin takardar. Da wannan fahimta na tunkari notari, ina zaton shi ma in ya buga hatimi to takarda ta inganta. Ashe ba haka ba ne. Abin da notari na Amurka yake cewa bai wuce wannan ba: mutumin nan ya zo gabana a rana kaza, a wuri kaza, na duba katin shaidarsa na tabbatar shi ne, kuma sa hannun nan nasa ne. Ko abin da aka rubuta gaskiya ne ko ƙarya, ko zai amfane ka ko zai raba ka da gidanka, wannan ba huruminsa ba ne, kuma doka ba ta ma yarda ya ba ka shawara a kai ba sai in shi lauya ne.

Yadda na sani

Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya rasu a Kano a ƙarshen shekarar 2022. Na samu na je ta'aziyya, na yi mako biyu, na dawo bakin aiki. Bayan Hajiyarmu ta fita takaba aka zauna rabon gado. A cikin abin da ya bari akwai gida guda wanda ba zai rabu tsakanin magada tara ba, saboda haka aka yi ittifaƙi a sayar, a fitar wa Hajiya tumuninta, a raba sauran yadda shari'a ta tsara. A watan Mayun 2023 aka sami mai saye, aka yi ciniki. Kowa ya sa hannu sai ni da ke ƙetare. Lauyan da ke riƙe da maganar ya ce mafita ita ce in ba babban yayanmu takardar wakilci, tare da takardar rantsuwa cewa ni ɗan marigayi ne kuma na amince da sayarwar.

Ya turo mini su ta WhatsApp da dare. Na buga su, na sa hannu a teburin cin abinci ba tare da na karanta fiye da shafin farko ba, washegari da rana na saci minti ashirin daga lokacin hutu na shiga banki. Matar da ke aikin notari ta karɓi fasfona, ta dubi takardun, ta mayar mini da su cikin ladabi. Ta ce matsala biyu ce. Ta farko, takardar rantsuwa ba a zuwa da ita da sa hannu, a gabanta ake sa shi. Ta biyu, sunan da ke kan takardun ba shi ne a fasfo ba.

Na fita raina a ɓace, ina ganin tsaurin kai ne kawai irin na ma'aikatan banki. Yau kuwa ina yi mata addu'ar shiriya da alheri, don dalilin da za ku ji a gaba.

Kalma ɗaya, mutane daban-daban

Kafin mu shiga matsalolin nan biyu, ya kamata a san cewa wanda ake kira notari ba mutum ɗaya ba ne a ko'ina. A Amurka jiha ce ke naɗa shi, kuma ba sharaɗi ba ne ya zama lauya. A Niyok jarrabawa ce yake ci a ba shi izini na shekara 4, shi ya sa za ka same shi a banki, a shagon aika kaya, a ofishin dillalin gidaje, wani lokaci har a kantin magani. Doka ta ƙayyade ladansa: dala 2 a Niyok, dala 10 a Fulorida, dala 15 a Kalifoniya. Wanda ka kira ya same ka a gida ko a asibiti zai ƙara kuɗin tafiyarsa, wannan kuma sai ku daidaita tun kafin ya taso.

A Ingila abin ya sha bamban. Notari a can lauya ne mai horo na musamman, kuma har yau ofishin da ke ƙarƙashin Babban Limamin Kantabari ne ke ba shi izini, bisa wata doka ta shekarar 1533. Sai ka nemi lokaci kafin ka gan shi, kuɗinsa kuma ba kusa yake da na Amurka ba. Idan takardar rantsuwar a cikin Ingila za a yi amfani da ita, yawanci lauya na gari ya isa, kuma kuɗin da doka ta yanka masa fam 5 ne. Notari kuwa sai takardar da za ta ƙetare ruwa. A Nijeriya ma lauyoyi ne, Alƙalin Alƙalan ƙasa ke naɗa su, kuma sabuwar dokar da aka yi musu a 2023 ta ba su damar yin aikin ta intanet.

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi su ne suka fi buƙatar jan kunne a nan. A tsarin Faransa da suka gada, notari babban jami'in shari'a ne: shi ke rubuta takardar cinikin gida, shi ke ajiye asalinta, shi ke tsayawa a kan rabon dukiya, kuma yana ɗaukar alhakin abin da ya rubuta. Wanda ya tashi da wannan sani, in ya ga allo a titin Bronx an rubuta notari, sai ya ɗauka ya sami masanin doka. Da wannan ruɗu ake damfarar baƙi, a karɓi ɗaruruwan daloli da sunan gyara musu takardun zama. Notari na Amurka ba shi da izinin ba ka shawara a kan shige da fice. In ya yi, ya karya doka, kai kuma ka saka kanka cikin hatsari.

A Saudiyya sunansa katibul adli, ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, suna mai tuna wa mutum ayar bashi ta cikin Suratul Baƙara. Za mu dawo kan wannan aya.

Iƙirari da rantsuwa

Aikin notari a nan Amurka kusan duka iri biyu ne, kuma rubutun da ke ƙasan takardarka shi ke nuna wanda ake nema.

Na farko shaidar iƙirari ce. Kana bayyana a gabansa ka ce, “Sa hannun nan nawa ne, da son raina na sa shi.” Wannan ake yi wa takardar wakilci da ta cinikin gida. Ko da ka riga ka sa hannu a gida yana iya karɓa, muddin ka zo da kanka, ko da yake wasu sun fi son ka sake sawa a kan idonsu. Shawarata ita ce kada ka sa hannu a kan komai sai kana gabansa, ka huta da gardama.

Na biyu shaidar rantsuwa ce, wadda ake yi wa afidabit. A nan dole ne a gabansa za ka sa hannu, bayan ya tambaye ka ko ka rantse cewa abin da ke ciki gaskiya ne, ka amsa da bakinka. Wasu 'yan'uwa suna jin tsoron za a miƙo musu Baibul. Ba a buƙatar kowane littafi, kuma wanda ba ya son lafazin rantsuwa yana da haƙƙin ya ce zai tabbatar da maganarsa ne bisa sanin hukuncin ƙarya. Duka biyun ƙarfinsu ɗaya a gaban doka.

A nan zan ɗan tsaya, domin akwai wata ɗabi'a da muka taho da ita daga gida. Mun saba ɗaukar afidabit kamar rasit: a je harabar kotu, a biya, a rage shekara uku, a canza wurin haihuwa, a fito. Wanda ya yi haka a nan ya aikata babban laifi na rantsuwa a kan ƙarya, kuma idan takardar ta shiga fayil ɗinsa na shige da fice tana iya rufe masa ƙofa har abada. Wannan na duniya ke nan. Kowane ɗalibin Islamiyya kuma ya san matsayin rantsuwar ganganci a kan ƙarya a cikin manyan zunubai, kuma kasancewar wanda ya rantsar da kai ba Musulmi ba ne bai rage mata nauyi ba.

Sai maganar suna, wadda ita ce ciwonmu na musamman. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a wurin mahaifiyarsa, Muhammad a takardar firamare, Mohammed a fasfo. Wani sunan mahaifinsa ne na ƙarshe a wata takarda, a wata kuma sunan garinsu. Ni lauyanmu ya rubuta sunana yadda dangi suka san ni, har da “Injiniya” a gaba, alhali fasfona yana ɗauke da wani rubutun daban da sunan kakanmu. Notari ba ta san dangina ba, kati kawai ta sani. Gyaran shi ne a rubuta suna harafi da harafi yadda yake a fasfo ko lasisin tuƙi, sannan a ƙara jimlar da ke cewa ana kuma saninka da suna kaza. Idan takardun fili na gida suna ɗauke da tsohon rubutun, sai a haɗa da takardar rantsuwa cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Katin shaidar kuma ya kasance na hukuma, mai hoto, wanda wa'adinsa bai ƙare ba. Hotonsa a waya ba ya wadatarwa.

Shafi na biyu

Da na koma gida a daren nan, tunda dole in tura wa lauya gyaran suna, sai na zauna na karanta takardar wakilcin daga farko har ƙarshe. A shafi na biyu na ga abin da ya sa na ajiye kofin shayi. Takardar ba ta tsaya a kan gidan gado ba. Ta ba wakilina ikon sayarwa da jinginarwa da bayar da hayar duk wata kadara tawa a Nijeriya, da karɓar kuɗi a madadina, da naɗa wani wakilin a ƙarƙashinsa. Ba ta da ranar ƙarewa, kuma an rubuta cewa ba na iya janye ta. Ina da fili guda da na saya da gumin shekara huɗu, shi ma ya shiga ciki. Ban ce lauyan ya yi da wata manufa ba. Na fi zaton tsohon samfuri ne ya ɗauko daga kwamfutarsa ya canza sunaye. Amma da matar nan ta buga hatimi da rana, da takardar ta tafi a haka, da cikakken ƙarfinta, kuma babu wanda ya yi mini laifi sai ni.

Gyara rubutun bai yi wuya ba. Faɗa wa Yaya shi ne aikin. Na kira shi bayan sallar isha'insu, muka gaisa, na tambayi Hajiya da yara, sannan na ce, “Yaya, akwai 'yan gyare-gyare da nake so a yi wa takardar nan, a taƙaita ta a kan gidan Baba kawai.” Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce, “Wato yanzu har ni za ka kafa wa sharaɗi? Ni da nake ɗaukar ka a keke in kai ka makaranta?” Na ce, “Allah ya huci zuciyarka, Yaya, ba kai nake tsoro ba. Takarda ce nake tsoro, don ita ba ta san kai ne ba, duk hannun da ta faɗa aiki za ta yi.” Bai gamsu ba, muka yi sallama sama-sama.

Hajiya ce ta kashe wutar washegari. Ta ce masa, “Ku rubuta yadda yaron nan ya ce. Mahaifinku ko buhun gero ya ba ƙaninsa rance sai ya rubuta da ajami a littafinsa, kuma ban taɓa jin sun yi faɗa ba.” Ni kuma na tuna abin da malamai ke yawan nunawa game da aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani: umarni ne da a rubuta bashi, a sami marubuci mai adalci, a kafa shaidu, kuma mutanen da aka fara yi wa umarnin su ne sahabbai, waɗanda ba a fi su amana ba.

Malaman fiƙihu sun raba wakilci zuwa na gaba ɗaya da keɓantacce, kuma dokar zamani ma haka ta yi. Wanda ke ƙetare, keɓantacce ya fi masa. Takardar da muka sake rubutawa ta ambaci gidan da unguwarsa da lambar filinsa da lambar takardar mallakarsa. Ta faɗi abin da Yaya zai yi: ya sa hannu a cinikin wannan gida, ga wannan mai saye, a kan farashin da magada suka amince. Ta faɗi asusun da rabona zai shiga. Ta hana naɗa wani wakili, ta ba ni ikon janyewa, ta kuma ce za ta mutu da kanta bayan wata 12. Ban bar gurbi ko ɗaya ba a cike ba, kuma na sa haruffan sunana a ƙasan kowane shafi don kada a zare wani a sauya. Wakilci irin wannan yana faɗuwa da mutuwar mai bayarwa ko mai karɓa, amma tsakanin yau da mutuwa akwai shekarun da takarda marar wa'adi za ta yi tana yawo a aljihun tebur.

Ga masu sayen fili daga nan kuma, ga wani abu da ya kamata su sani. An saba a Nijeriya mai sayarwa ya ba ka takardar wakilci da ba a janyewa, ya ce ita ce shaidar mallakarka. Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ude da Nwara ta 1993 cewa takardar wakilci ba ta mayar da mallaka, izini ne kawai na yin aiki a madadin wani. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ce filin da ke da takardar gwamna ba ya canza hannu sai da amincewar gwamna. Ko hatimi nawa aka jera a kan takardar wakilci, ba za su mayar da ita takardar ciniki ba.

Sarƙar hatimai

Na koma wurin notari da sabuwar takarda, minti goma aka gama. Na ɗauka shi ke nan. Lauyanmu ma ya ce a wurinsa ta isa, domin sashe na 150 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya umarci kotu ta ɗauki takardar wakilcin da aka yi a gaban notari a matsayin sahihiya har sai an kawo hujjar akasin haka. Amma lauyan mai saye ya ce shi bai san wata mata a wani banki a Amurka ba, yana son ya ga hatimin ofishin jakadancin Nijeriya. Haƙƙinsa ne, shi zai zuba kuɗi. Laifina ne da ban tambaya tun farko ba. Matambayi ba ya ɓata: kafin ka je wurin notari, ka tambayi wanda zai karɓi takardar a can, ba wanda ya aiko ta ba, irin hatimin da yake so, kuma ya rubuto maka amsar.

Ƙasashe sama da 120 sun sauƙaƙa wa junansu wannan wahala ta hanyar yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Hague ranar 5 ga Oktoba 1961. A tsakaninsu takardar tabbaci guda ɗaya, wadda ake kira afostil, ta wadatar, ba sai an je ofishin jakadanci ba. Birtaniya tana ciki tun 1965, Amurka tun 1981, Saudiyya ta shiga a Disambar 2022, Kanada a Janairun 2024. Nijeriya ba ta ciki. Saboda haka takardar da za ta tafi can, in mai karɓa ya nemi cikakken tabbaci, sai ta bi doguwar hanya.

A Niyok hanyar tana farawa daga magatakardar gunduma, wanda zai tabbatar da cewa notarin nan na gaske ne, a kan dala 3. A nan akwai tarko. Ba gundumar da kake zaune ba ce, ba kuma wadda aka sa hannu a cikinta ba, gundumar da notarin ya yi rajista ce, kuma tana rubuce a jikin tambarinsa. Na ɗauki rabin yini daga aiki na je kotun Bronx da ke kan titin Grand Concourse, na bi layi, sai aka nuna mini da yatsa cewa matar a gundumar Westchester take da rajista. Sai da na sake ɗaukar wata ranar na hau jirgin ƙasa zuwa White Plains. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka karanta tambarin tun kana gaban teburinsa, ko ka tambaye shi kafin ya buga.

Daga nan sai Sakatariyar Jihar Niyok, wadda ke da ofishi a lamba 123 titin William a Manhattan, dala 10 kowace takarda. A fom ɗinsu za ka rubuta ƙasar da takardar za ta, su kuma su ba ka afostil ko takardar tabbaci ta ƙasashen da ba sa cikin yarjejeniya. Mataki na gaba Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ce a Washinton, da fom mai lamba DS-4194 da dala 20, kuma ta gidan waya wannan mataki shi ya fi cin makonni. Na ƙarshe ofishin jakadancin ƙasar da za a kai takardar. Nijeriya tana da babban ofishi a Washinton da ƙananan ofisoshi a Niyok da Atlanta. Kowane ofishin jakadanci yana da nasa sharuɗɗan da nasa kuɗin, sai a duba shafinsu kafin a fara. 'Yan'uwa na Birtaniya tasu sarƙar ta fi gajarta: notari, sai ofishin tabbatar da takardu na ma'aikatar harkokin wajensu, sai ofishin jakadanci a Landan.

Abin lura shi ne kowane mai hatimi a wannan sarƙa sa hannun wanda ya gabace shi kawai yake tabbatarwa. Magatakarda ya shaida notari, jiha ta shaida magatakarda, tarayya ta shaida jiha, jakada ya shaida tarayya. Takardata ta dawo da hatimi biyar da kintinkiri, kyakkyawa kamar takardar digiri, kuma a cikin mutum biyar ɗin babu wanda aikinsa ne ya karanta shafi na biyu. Kada kuma ka cire ƙusar da suka haɗa shafukan da ita don yin kwafi, cire ta na iya ɓata tabbacin gaba ɗaya.

Sauran takardun da muke yawan kaiwa

Ba kowace takarda ce ke buƙatar notari ba, kuma akwai waɗanda ba ya iya taɓawa. A Niyok ba shi da ikon shaida cewa kwafi ya yi daidai da asali. Abin da ake yi shi ne mai takardar ya rubuta rantsuwa cewa kwafin na gaskiya ne, notari ya shaida rantsuwar. Takardar haihuwar yaron da aka haifa a nan ba ta bi ta wurinsa sam. Ana neman cikakkiyarta daga hukumar lafiya ta birni tare da wasiƙar tabbaci da ake haɗawa idan ka ce ƙasar waje za ta, daga nan ta wuce wurin magatakardar gundumar Manhattan. Fassarar takardar aure ko ta haihuwa daga Hausa, Larabci ko Faransanci don hukumar shige da fice ba ta buƙatar notari, shaidar mai fassara cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar cikakkiya ce ta isa. Fom na ɗaukar nauyin ɗan'uwa, I-864, shi ma ba ya buƙata. Kada a karɓe muku kuɗi a kansu.

Inda ake buƙatarsa kuma muke mantawa shi ne fasfon yara. Yaron da bai kai shekara 16 ba sai iyaye biyu sun amince. In ɗaya ba zai halarta ba, sai ya cika fom DS-3053 a gaban notari, kuma bayan kwana 90 ya tashi aiki. Idan uban yana gida Afirka, hanya mafi aminci ita ce ya yi a ofishin jakadancin Amurka, inda kowane hatimi dala 50 ne. Haka nan uwar da za ta kai yara hutu gida ita kaɗai, yana da kyau ta riƙe wasiƙar amincewar uban mai shaidar notari.

Dattijon da ba ya jin Turanci a tafi da shi wurin notarin da ke jin harshensa in an samu, domin notari yana buƙatar ya gamsu cewa mai sa hannu ya san abin da yake yi. A karanta masa takardar da Hausa tun a gida, kalma da kalma, kuma mai karantawar kada ya zama wanda zai amfana da ita. Wanda ke da rabo a cikin takarda bai kamata ya zama notarinta ba, ko da yana da lasisi. Kuma kada a roƙi ɗan'uwa mai lasisi ya buga wa wanda ba ya nan, wai ai ya san shi. Tun 2023 dokar Niyok ta wajabta musu rubuta kowane aiki a littafi su ajiye shekara 10, kuma abin da kake roƙo zai iya raba shi da lasisinsa, ya kuma ɓata takardar. Dokar kuma ta halatta yin aikin ta bidiyo a kan kuɗin da bai wuce dala 25 ba, amma takardar da za ta ofishin filaye a gida gara ta tafi da tawada ta gaske.

Tawa takardar ta ɗauki mako bakwai kafin ta isa Kano. A cikin makonnin nan ne, ranar 14 ga Yuni 2023, Babban Bankin Nijeriya ya saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700 a farashin hukuma, ga kuma janye tallafin mai da ya riga ya ɗaga farashin komai. Mai saye ya yi haƙuri ya jira, amma a kan tsohon ciniki. Ƙanwarmu da ta yi niyyar rufe ɗakunanta biyu da rabonta, kwanon ɗaki ɗaya ta samu. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ne dai na san cewa aƙalla mako uku daga cikin bakwai ɗin rashin tambayata ne ya ci su, kuma na cika mata abin da ya sawwaƙa.

Bara Yaya ya tashi tafiya Masar neman magani, zai yi wata uku, yana so ya bar wa wani yaronsa shago da asusun kasuwanci. Ya kira ni da sassafe, bayan gaisuwa ya ce, “Ƙanena, takardar nan taka mai sharuɗɗa, tana nan? Turo mini in kai wa Barista ya yi mini irinta.”